Kalma Ba Ta Bugarwa: Raddi Ga Masu Son A Share Kalmomin Tsiro Da Giya Daga Nazarin Hausa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin al'adun Hausawa ya san jerin sana'o'in gargajiya kamar yadda ya san sunansa: noma, ƙira, jima, dukanci, saƙa, rini, fawa, wanzanci, su da farauta. Ana sa shi ya haddace kayan aikin kowace, daga uwar maƙera da zugazugi har zuwa ƙoshiya da kwarkwaro. Sana'a ɗaya ce ake bi ta gefenta a wuce kamar ba a gani ba, wato dafa giya, tare da duk ilimin jiƙa hatsi da tsirar da shi da tsimar da shi. In ɗalibi ya yi ƙarfin halin tambaya, sai a ce masa wannan ba abin rubutawa ba ne, haramun ce, a bar wa Maguzawa kayansu. Mai fassara kuma, in ya ci karo da sunayen abubuwan sha guda goma a wani harshe, sai ya zuba su duka cikin kalma ɗaya, giya ko barasa, ya ɗauka ya sauke nauyi. Wannan ɗabi'a nake son in yi wa raddi. Haramcin giya a Musulunci tabbatacce ne, babu mai ja da shi a wannan rubutu. Abin da nake ja da shi shi ne tunanin cewa jahiltar kalmomin abu yana daga cikin tsoron Allah. Ina ganin wannan shiru ya jawo mana asara ta fuska huɗu: addini, lafiya, tattalin arziki da harshen kansa.

Lagmin Fezzan

Bari mu fara da Jadid, ɗaya daga cikin tsofaffin matsugunan da suka haɗu suka zama birnin Sabha a yankin Fezzan na kudancin Libiya. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Tun zamanin ayarin raƙuma ake jin Hausa a Murzuk da Gat, yau kuma matasa daga Damagaram da Maraɗi da Kano suna biyo hanyar Agadas da Dirku su sauka a Sabha neman aiki, da yawansu a gonakin dabino. A irin waɗannan gonaki akwai abin da mutanen ƙasar ke kira lagmi. Ana sare ganyen kan bishiyar dabino, a feƙe ƙoƙonta, a rataya tulu, ruwan bishiyar ya kwana yana ɗiga a ciki. Da asuba ruwan nan zaƙi gare shi kamar rake, yara da tsofaffi suna sha. Idan rana ta ɗaga, zafin hamada ya bugi tulun, sai ya fara kumfa, ya yi tsami, kafin a jima ya koma abin da ke bugarwa. Ba sabon abu ba ne: Bajamushen nan matafiyi Friedrich Hornemann, wanda ya isa Murzuk a 1798, ya ambaci wannan ruwan dabino a labarin tafiyarsa, tare da wani abin sha mai ƙarfi da ake kira buza.

To, yaron da ya taso daga ƙauyen Katsina, wanda duk abin da aka koya masa shi ne giya tana zuwa a kwalba kuma ana sayar da ita a Sabon Gari, me zai yi idan aka miƙo masa kofin lagmi da la'asar? Tulu ɗaya ne, bishiya ɗaya ce, suna ɗaya ne, amma hukuncin safiya daban, na yamma daban. Hausa tana da kalmar bammi ga ruwan kwakwar manja da na tukurwa, kuma wanda ya san yadda bammi ke juyawa ba zai ruɗe da lagmi ba. Sai dai mun hana yaron sanin wannan kalma da abin da ke ƙarƙashinta, da sunan muna kare shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Malaman Farko Ba Su Ji Kunyar Suna Ba

Masu ganin ambaton waɗannan kalmomi rashin kunya ne, ya kamata su koma ga littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai babi sukutum a kan abubuwan sha. A can aka ambaci gubaira'u, abin sha da ake yi da dawa, aka kuma fassara shi da sunansa na Habasha, sukurka. Hadisin Abu Musa al-Ash'ari ya nuna yadda ya kawo tambaya kan abubuwan sha biyu na mutanen Yaman, ya kira kowanne da sunansa: bit'u da ake yi da zuma, da mizru da ake yi da hatsi. Sayyidina Umar ya hau mimbari ya lissafa abubuwa biyar da ake yin giya da su a zamaninsa, wato inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajiri ya bi ta kanta, ta kawo hani game da haɗa nau'i biyu wajen jiƙo, da hani game da yin jiƙo a cikin duma ko mazubin da aka shafe da kwalta. Masu sharhi sun bayyana dalili: waɗannan abubuwa suna gaggauta juyawar jiƙon, mai shi ya sha abin maye yana zaton ruwan dabino yake sha. Hadisin Ibn Abbas kuma ya nuna cewa jiƙon da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a barin sa ya wuce yammacin kwana na uku.

Wannan fa ilimin tsimuwa ne tsagwaronsa: wane hatsi, wane mazubi, kwana nawa. Malaman fiƙihu sun gane cewa ba a iya kiyaye iyaka sai an san inda take. Adabinmu ma bai yi shiru ba. Mu'azu Haɗeja ya tsara Waƙar Giya domin ya yi faɗa da ita, kuma bai iya faɗan ba sai da ya siffanta mashayi da halinsa. Idan malamin fiƙihu da mawaƙin wa'azi sun kira abu da sunansa, daga ina manazarcin harshe ya samo tsarkin da ya fi nasu?

Abin Da Mutanen Cek Suka Yi Da Kalmominsu

Domin a ga yadda harshe ke zama idan masu shi sun riƙe kalmomin sana'a da kyau, ya dace mu leƙa wata ƙasa mai nisa da mu a addini da yanayi, wato Jamhuriyar Cek da ke tsakiyar Turai. Shekaru da yawa ke nan ita ce kan gaba a duniya wajen yawan giyar hatsi da kowane mutum ke sha, kuma wannan ba abin sha'awa ba ne a wurinmu. Tsarin kalmominsu ne abin dubawa.

Kalmarsu ta gaba ɗaya ita ce pivo, daga tushen fi'ilin da ke nufin sha. A ƙarƙashinta akwai ležák, daga fi'ilin da ke nufin kwanciya, wato giyar da aka kwantar da ita makonni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi har ta tace kanta. Ita ce Jamusawa suka kira laga, daga kalmarsu ta ma'aji. Da za a ba ta suna da Hausa, kwantacciya ta wadatar. Sai rabon launi: světlé ita ce fara ko mai ruwan zinariya, tmavé ita ce baƙa, polotmavé tana tsakani, řezané kuma ita ce wadda aka haɗa fara da baƙa a kofi ɗaya. Hatta yadda ake zubawa yana da sunaye, gwargwadon yawan kumfa: hladinka, šnyt da mlíko, wannan ta ƙarshe ma'anarta madara, domin kofin kusan duk kumfa ne.

Baƙar ita ce babba a shekaru. Gidan U Fleků da ke birnin Prag yana dafa giya tun 1499, kuma har yau da baƙar kwantacciya aka san shi. Farar kuwa tana da ranar haihuwa. A 1838 mutanen garin Pilsen suka fusata da lalacewar giyarsu, aka tuntsurar da ganga 36 a gaban zauren gari. Masu haƙƙin dafa giya na garin suka haɗa kai suka gina sabuwar masana'anta, suka ɗauko wani gwani daga Bavariya mai suna Josef Groll. Ranar 5 ga Oktoba 1842 ya dafa tukunyar farko. Abubuwa huɗu ya haɗa: ruwan garin mai laushi wanda ba shi da gishirin ƙasa da yawa, sha'ir da aka tsirar aka busar da iska mai zafi ba tare da hayaƙi ko harshen wuta ya taɓa shi ba, furen wani tsiro mai yaɗo da suke kira chmel daga yankin Žatec wanda ke ba da ɗaci da ƙamshi, da yis mai aiki cikin sanyi yana kwanciya a ƙasan tukunya. Abin da ya fito ya zama uwar mafi yawan giyar kwalba da ake sayarwa a duniya yau, har da wadda Hisba ke fasawa a Kano.

Akwai darasi biyu a nan ga mai nazari. Na farko, bambancin fara da baƙa daga wutar da ta gasa tsiro yake fitowa. Tsiron da aka busar a zafi mai sauƙi, kimanin maki 80, yana ba da fara. Wanda aka gasa sosai, wani har sama da maki 200, yana ba da baƙa mai ɗanɗanon ƙanzo. Launi ba ya faɗin ƙarfin maye. Na biyu, suna da ma'auni. Wani masanin sinadarai na Prag, Karel Balling, ya tsara ma'aunin zaƙin ruwan tsiro a 1843, kuma har yau mutumin Cek yana neman 'yar goma ko 'yar sha biyu. Lambar tana nuna yawan sukarin da ke cikin ruwan kafin yis ya fara aiki. 'Yar sha biyu tana ƙarewa da abin maye kimanin kashi 5 cikin 100, 'yar goma kimanin kashi 4. Kafin Balling ma, František Poupě, wanda ya rasu a 1805, ya riga ya shigar da ma'aunin zafi cikin sana'ar da ake yi da taɓawar hannu da hasashe.

Wani zai ce, to ina ruwan Bahaushe Musulmi da wannan? Ruwansa shi ne al'ummar da ta san a wane mataki zaƙi ke komawa maye, ita ce ke iya tsayar da aikin kafin wannan mataki. Maltina baƙa ce wuluk, daga tsiro aka yi ta, ba ta bugarwa. Ogogoro fari ne tas kamar ruwan rijiya, yana iya kashe mutum. Wanda ke yanke hukunci da launi ko da siffar kwalba ya ɓata tun daga ƙofar gida.

Namu Tsiron

Abin takaici shi ne wannan ilimi yana cikin gidajenmu, kawai ba mu rubuta shi ba. Matar da ke dama kunun zaƙi ta san cewa idan ta zuba niƙaƙƙen tsiron shinkafa ko busasshen dankali a cikin kunu mai kauri, zai tsinke ya yi zaƙi. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar hatsi idan ta tsira tana fitar da sinadaran da ke narkar da sitaci su mayar da shi sukari. Wannan shi ne matakin farko a masana'antar Pilsen, shi ne kuma matakin farko a gidan mai burkutu. Daga nan hanyoyi suke rabuwa. Mai burkutu tana barin ruwan ya yi tsami, ta dafa, ta bar shi ya huce, ta zuba ɗan tsohon ruwa mai yis, sannan a sha cikin 'yan kwanaki yana kan tsimuwa, shi ya sa ba ya ajiyuwa. Mai kunun zaƙi kuma tana tsayawa a zaƙi. Amma kunun da aka ɗura a gora aka bar shi kwana biyu cikin zafin bazara, har gorar ta kumbura tana huci idan an buɗe, ya fara taka hanyar da mai shi ba ta yi niyya ba. Haka tsimi, haka zoɓon da aka cika wa sukari aka manta da shi. Ina ɗalibin da ya rubuta mana kalmomin da mata ke amfani da su wajen bambance kunun da ya kwana, da wanda ya yi tsami, da wanda ya juya?

Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma wallafa littafinsa a 1946, ya nuna matsayin giya a bukukuwansu da tsafe-tsafensu. Bare ne ya zo ya rubuta. Waɗannan mutane Hausawa ne, kuma yawancin jikokinsu sun musulunta ko sun shiga addinin Kirista. Tsofaffin matan da suka san sunan kowace tukunya da kowane mataki suna ƙarewa. Idan suka tafi, wani ɓangare na harshen ya tafi, kuma babu wanda imaninsa zai ƙaru saboda wannan rashi.

Ta fuskar dukiya ma mun yi barci. A 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Masana'antu suka juya ga dawa da masara. Irin dawar nan SK5912, gajerar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake nema domin tsirarwa. Dawar Arewa ce ke shiga giyar kwalba, ita ce kuma ke shiga lemon malta da Milo da yaranmu ke sha da safe. Manomi ya noma farafara ko kaura, dillali ya tara a kasuwar Dawanau, mota ta ɗauka, ribar tsirarwa da sarrafawa ta faɗa hannun wasu. Wanda bai san kalmar tsiro da ma'anarta ta masana'antu ba, ba zai yi tunanin kafa wurin tsirar da dawa domin abin sha na halal ba. Ba zai kuma iya kai wa malami tambaya mai kan gado ba game da wanda ya halatta ya sayar wa amfanin gonarsa. Har masana abinci mai gina jiki sun daɗe da nuna cewa ɗan garin tsiro yana tsinka kunun jarirai mai kauri, yaro ya sha abinci mai yawa a cikin cokali kaɗan. A ƙasar da tamowa ke cin yara, wannan sani ba abin rainawa ba ne.

Hujjar Masu Shiru

Ba zan ce masu wancan ra'ayi ba su da abin faɗa ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce bayani yana iya zama talla. Suna tsoron matashin da ya karanta labarin Pilsen ya ji sha'awa, ko wanda ya karanta matakan burkutu ya je ya gwada. Wannan tsoro ne na mai kishi, ya cancanci amsa.

Amsar ita ce shiru bai hana komai ba. Libiya ta haramta giya tun 1969, amma a watan Maris na 2013 fiye da mutum 50 suka mutu a Tarabulus, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, wasu suka makance, bayan sun sha barasar gida da ke ɗauke da sinadarin metanol. A 2015 irin wannan guba ta kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas. Ita kanta ƙasar Cek, da duk iliminta, ta binne fiye da mutum 40 sakamakon gurɓatacciyar barasa da ta ɓulla a watan Satumba na 2012, har gwamnati ta dakatar da sayar da barasa mai ƙarfi na ɗan lokaci. Wannan ya isa ya nuna cewa babu al'ummar da giya ta bari lafiya, kuma duk mai son wa'azi ga hujja nan a hannunsa. Sai dai a can an yi shela da harshen da kowa ke ji, an faɗi alamomin gubar: ciwon kai, amai, ciwon ciki, da gani dishi-dishi da ke zuwa bayan sa'o'i da yawa, lokacin da mutum ke zaton ya warware. Bahaushen da ke aiki a Sabha, wanda abokin ɗakinsa ya sha abin da bai kamata ba, a wane harshe zai ji cewa wannan dishi-dishi alama ce ta a garzaya asibiti yanzu? Kunya da rashin kalma suna haɗuwa su sa a rufe ƙofa a jira, mutum ya mutu kafin ya samu damar tuba.

Kuma in da bayanin abu talla ne, da an cire babin sata da na zina daga littattafan fiƙihu, da an hana likita karanta guba. Bambancin talla da nazari yana cikin niyya da salo. Mai talla yana ɓoye illa ya ƙawata kofi. Mai nazari yana faɗin suna, asali, mataki, hukunci da sakamako.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Aikin tattara kalmomi bai ƙare da su ba. Ina kira ga sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Yamai su bar ɗalibai su ɗauki wannan fage a matsayin kundin bincike, ba tare da an yi musu kallon 'yan iska ba. A je ƙauyukan Maguzawa a naɗi kalmomi daga bakin tsofaffi. A zauna da masu kunu da masu tsimi a rubuta matakan aikinsu. A kwatanta burkutu da fito da dolo na Mali da Burkina Faso da bilbil na Kamaru da Cadi da marisa ta Sudan, a ga wace kalma aka ara, wace aka ba da aro. Masu fassara su daina zuba komai cikin giya: su bambanta wadda aka tsima daga hatsi, da wadda aka tsima daga 'ya'yan itace, da wadda aka turara aka tattara tururinta, domin ƙarfinsu da haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Malaman addini kuma su nemi wannan bayani kafin fatawa, kamar yadda magabatansu suka nemi sanin mizru da gubaira'u.

Harshen da yake son a yi kimiyya da shari'a da likitanci a cikinsa dole ya iya kiran halal da haram kowanne da sunansa na gaskiya. Allah ya tsare mu daga abin maye, ya kuma ba mu ilimin da za mu gane shi tun yana cikin tulu.